Baba ya tashi daga mura mai tsanani: a bar shi ya huta ko a fara fita da shi tattaki?

Maman Hibba:
Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Shawara nake nema, don Allah masu sani su taimaka. Mahaifinmu shekarunsa 71. Da sanyin nan ya sauko a watan jiya mura ta kama shi, muka ɗauka irin wadda aka saba ce. Kwana uku sai zazzaɓi ya rufe shi, tari ya ƙi tsayawa, numfashi ya fara sarƙewa. Aka kwantar da shi a asibiti kwana biyar, biyu daga ciki da robar iskar oksijin a hanci. Likita ya ce ƙwayar bairas ce ta sauka masa a ƙirji. Yau kwanansa 19 a gida. Zazzaɓin ya tafi tun a asibiti, tarin ma ya ragu, amma mutumin da yake zuwa masallaci sau biyar a ƙafa, ya leƙa kasuwa ya dawo, yanzu daga ɗakinsa zuwa banɗaki sai ya dafa bango ya tsaya yana haki. Jiya na ga zai tashi daga tabarma, sai da ya yi yunƙuri uku. Na juya na shige kicin don kada ya ga idona.

Gidan kuma ya rabu biyu. Babban Yayanmu ya ce kada wanda ya bar shi ya taka ko soro, a kai masa komai har buta, sai ya murmure. Ni kuwa gani nake kullum ƙara narkewa yake a kwancen nan, cinyoyinsa duk sun zube. Wa ke da gaskiya a cikinmu? In tafiyar ce, ta ina ake farawa?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ya sa kaffara ne. Hajiya, ni ina bayan Yayanku. Akwai wani dattijo a layinmu, bara ya yi irin wannan jinyar, mako ɗaya da sallamarsa ya ce shi ya warke, ya koma shago. Ran nan yana ɗaga ƙofar shago ya yanke jiki ya faɗi. Allah ya yi da sauran kwana, amma sai da ya ƙara wata guda a gadon asibiti. Jikin tsoho ba ya son gaggawa. Ku ba shi farfesu da zuma, ku bar shi ya kwanta.

Malama Fisiyo:
Wa alaikumus salam Maman Hibba, ya mai jiki? Ni a sashen gashin ƙashi nake aiki, kuma ba karaya da shanyewar ɓarin jiki kaɗai muke gani ba, masu tashi daga ciwon ƙirji irin na Baba suna cikin waɗanda ake turo mana. Abin da Ɗan Kwari ya faɗa gaskiya ne, komawa aiki gadan-gadan bayan mako ɗaya haɗari ne. Amma kwanciyar da ba iyaka ita ma tana da nata haɗarin, kuma shi ne wanda mutanenmu ba su cika gani ba, don a hankali yake cin mutum.

A shekarar 2007 wasu masu bincike a Amurka sun kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya, 'yan shekara sittin da wani abu, a kan gado kwana 10. Ba ciwon komai, kwanciya ce kawai. Da aka auna su bayan nan, kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafunsu ya tafi. To ki haɗa wannan da zazzaɓi da rashin cin abinci, ki lissafa kwana biyar na asibiti da 19 na gida. Zubewar cinyar da kika gani ke nan. Wani ɓangare na hakin nan ma ba daga huhu yake ba. Tsokar da ta yi rauni tana buƙatar iska fiye da da kafin ta yi aikin da ta saba, sai zuciya da huhu su yi ta ƙoƙarin cike giɓin.

Kafin in ce komai a kan tafiya, ki amsa mini waɗannan. Yana da hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya? Wane magani yake sha? Yana jin ciwo ko nauyi a ƙirji? Ƙafa ta kumbura, musamman guda ɗaya? Likita ya sake ganinsa tun bayan sallama?

Maman Hibba:
Na gode Malama. Hawan jini yana da shi shekara da shekaru, yana shan amlodifin da atenolol. Ba shi da suga. Ciwon ƙirji ya ce sai in ya yi tari da ƙarfi. Ƙafa ba kumburi, yanzu na je na duba. Ranar Litinin za mu koma asibiti. Muna da 'yar na'urar nan ta auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa, in yana zaune tana nuna 96, in ya je banɗaki ya dawo takan sauka 94.

Nas Gombe:
Allah ya ba shi lafiya. Bari in sa baki a kan na'urar yatsan nan, don na ga gidaje da yawa sun mai da ita alƙali. Tana da amfani, amma tana kuskure. Yatsa mai sanyi yana rikita ta, ga shi lokacin hunturu muke, sai a murza hannun ya yi ɗumi tukuna, a bar ta ta zauna kamar minti ɗaya kafin a karanta. Jan farce da lalle mai duhu ma suna iya rikita ta, wannan don masu jinyar iyaye mata. Sannan wani bincike daga Jami'ar Mishigan ta Amurka da ya fito a Disamban 2020 ya nuna ta fi yi wa baƙar fata kuskure. Takan nuna iskar jini ta isa alhali ta yi ƙasa, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙaƙe kusan ninki uku a kan farare. Saboda haka in na'ura ta ce 96 amma Baba ba ya iya haɗa magana, ko ya rikice, ko leɓensa ya canza launi, ku yarda da idonku ku tafi asibiti.

Abu na biyu, ran Litinin ki roƙi likita a gwada kakinsa. A ƙasar nan duk tarin da ya wuce mako biyu ana so a duba tarin fuka, ballantana ga tsoho da ya rame. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke kula da tibi. Ba cewa nake shi ne ba, a cire shi daga lissafi kawai hankali ya kwanta.

Koci:
Salam. Ni na fi shekara goma ina horar da mutane, har da dattawa. Maganar gaskiya lallaɓawar nan ce take kashe tsofaffinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi wanda ya kai 65 ya yi minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jikin da ke sa numfashi ya ƙaru. Minti 30 kullum ke nan. Ku fito da shi bayan asuba ya zaga unguwa da sauri har ya yi gumi. Gumi ne zai fitar da ragowar ciwon. Zai ji wuya kwana uku, daga nan jiki ya saki.

Nas Gombe:
Koci, da girmamawa, wannan shawarar tana iya kai mutum kabari. Gumi ba ya fitar da bairas, ruwa da gishirin jiki yake fitarwa, ga mutum yana shan maganin hawan jini har kala biyu. Lissafin da ka kawo daidai ne, yana cikin ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2020, amma wurin da ake so a kai ne, ba wurin da mai tashi daga jinya zai fara ba. Cututtukan nan ba a huhu suke tsayawa ba. A Ontariyo ta Kanada an yi bincike da aka wallafa a 2018, aka ga toshewar jijiyar zuciya tana ninkawa kusan sau shida a kwana bakwai na farko bayan an tabbatar mutum ya kamu da fulu, wato mura mai tsanani. Wani lokacin kuma ƙwayar takan kumbura tsokar zuciyar kanta, wanda aka samu da wannan sai likitan zuciya ya hana shi motsa jiki mai ƙarfi wata uku zuwa shida. Korona ta ƙara mana da daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda kan ɓalle ya tafi huhu. Dalilin da ya sa Malama ta tambayi kumburin ƙafa ke nan.

Koci:
Na ji, kuma na karɓi gyara a kan saurin. Amma ku yarda da ni a kan abu ɗaya, in aka biye wa tsoho ba zai taɓa cewa yau na shirya ba. Dole wani ya tsaya a kansa.

Malama Fisiyo:
A nan kam na yarda da kai Koci, sai dai tsayawar ta zama da ma'auni. Maman Hibba, ga yadda nake yi da irinsu Baba. Ki nuna wa likitansa ran Litinin, in ya amince sai ku ɗora, don shi ya saurari ƙirjinsa, ni ban gan shi ba.

Daga yau zuwa Litinin abin da ba ya buƙatar izinin kowa shi ne ya rage kwanciya da rana. Ya zauna a kujera mai tsayi, ba tabarma ba, ya ci abinci a zaune, ya motsa idon sawunsa sama da ƙasa, ya je banɗaki da kansa wani yana kusa. Ku koya masa numfashin da muke koyarwa: ya ja iska ta hanci a hankali, ya fitar ta baki a tsuke kamar mai hura kunu mai zafi, fitarwar ta ninka jan tsawo. In haki ya taso, ya zauna ya ɗan sunkuya gaba, ya ɗora damatsansa a kan cinya, ya saki kafaɗa. Wannan zaman yana ba ƙirji sarari.

Bayan likita ya ba da izini sai tafiya. A tsakar gida za a fara, a ƙasa mai laushin bi, ba tudu ba gangare. Minti uku zuwa biyar, sau biyu ko uku a yini ya fi minti 15 a tashi ɗaya. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne magana. Ki jera da shi kina jan sa da hira. In yana iya ba ki amsa cikakkiya yana tafe, lafiya lau. In ya koma kalma biyu ya ja numfashi, kalma biyu ya ja numfashi, ya wuce iyaka, ya rage sauri ko ya zauna. Akwai kuma ma'aunin wani masani ɗan Siwidin, Gunnar Borg, daga 0 zuwa 10. Sifili kana kwance, 10 ƙarfinka ya ƙare. Ki tambayi Baba, wahalar nan nawa ce cikin goma? Makon farko kada ta wuce 2 ko 3. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar don masu tashi daga korona ta raba abin mataki biyar, kowane mataki aƙalla kwana bakwai, kuma in mataki ya yi wa mutum nauyi ya koma na baya. Tsarin ya dace da sauran cututtukan ƙirji na bairas ma.

Kada ku dogara da ƙirga bugawar zuciya. Lissafin nan na gano iyakar bugawar zuciya a minti, wato 220 a cire shekarun mutum, da ake yawo da shi ba zai yi wa Baba aiki ba, domin atenolol yana danne bugawar. Zai iya galabaita matuƙa agogon auna bugawar yana nuna 85 kacal.

A tsaya nan take, a nemi likita, in ya ji ciwo ko matsi a ƙirji, jiri, zuciya tana tsalle, gumi mai sanyi, hakin da bai lafa ba bayan ya huta, ko na'ura ta sauka maki uku ko fiye daga yadda take a zaune, ko ta yi ƙasa da 92. Ranar da zazzaɓi ya dawo kuwa babu tafiya sam.

Tsohon Hedimasta:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ta sa ni a wannan zaure, yawanci karatu kawai nake, amma yau maganar ta zo gidana. Shekaruna 74. Korona ta kwantar da ni a 2021, na yi kwana tara ana ba ni iska. Maman Hibba, 'yata, bari in gaya miki abin da mahaifinki ba zai gaya miki ba. Hakin yana da wuya, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da na ga ɗana ya ɗauko buta ya zuba mini ruwan alwala kamar yadda nake yi masa yana yaro. Na gode masa, Allah ya yi masa albarka, amma daren nan ban yi barci ba. Mutum in aka karɓe masa komai sai ya fara ganin kamar sallama ake yi da shi.

Yadda na tashi kuwa, da falwaya na yi lissafi. Daga ƙofar gidana zuwa masallacin unguwa falwaya shida ne. Bayan na yi kwanaki ina zaga tsakar gida, sai na fita zuwa ta farko in dafa ta in dawo. Mako guda ina haka. Sannan ta biyu. A ta uku akwai mai shayi, shi ya riƙa ajiye mini benci, in zauna mu gaisa in huta in juyo. Sai da na yi kusan wata biyu kafin na yi sallar la'asar a sahu.

Kuskure ɗaya na yi, shi nake so ki kiyaye. Wata Juma'a na tashi jikina garau, ina kan falwaya ta huɗu a lokacin, na ce yau sai masallacin Juma'a. Na je, na dawo, ban ji komai ba a ranar. Washegari da yamma jikina ya mutu kamar an yi mini dukan tsiya. Kwana uku ban fita ba, na koma falwaya ta biyu. Ranar da tsoho ya ji ƙarfi, ranar za ku fi sa masa ido.

Maman Hibba:
Allahu akbar. Baba, na gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi maganar butar nan ta taɓa ni, don shekaranjiya mahaifinmu ya ce wa ƙanena "ajiye, ai ban mutu ba," muka ɗauka faɗan tsufa ne.

Ummu Sadiƙ:
Abin da Baba Hedimasta ya faɗa na washegari shi ne abin da na shigo in ja kunne a kai. Ina Manchesta, surukata tana tare da mu, ta kamu da korona tana da 68. Ba a ma kwantar da ita ba. Bayan wata ɗaya muka fara fita da ita, kowane mako muna ƙara minti biyar kamar yadda muka karanta. Maimakon ta ƙaru sai ta riƙa komawa baya. Ta yi tafiya yau lafiya, gobe ko jibi ta kasa ɗaga kai daga filo, kanta ya yi nauyi, ta manta abin da aka gaya mata yanzu. Mu kuma muna cewa daure Hajiya, rashin sabo ne. Har yau in na tuna ina jin nauyin abin a raina, don mu muka riƙa tura ta.

Daga baya aka ce mana doguwar korona ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a Oktoban 2021: alamun da ke nan wata uku bayan kamuwa, suka ɗauki aƙalla wata biyu, ba wani ciwon da ya bayyana su. Wasu masu ita, in suka wuce ƙarfinsu, abin ba ya nunawa sai bayan awa 12 zuwa 48, kuma yana iya ɗaukar kwanaki. Ga irin waɗannan, ƙara tafiya kowane mako ko jiki ya so ko bai so ba cutarwa ce. A nan Ingila ma a 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani ta janye irin wannan tsarin ga masu ciwon gajiya mai daɗewa. Abin da ya taimaki Hajiya shi ne muka nemo iyakar da take yi ba ta biya washegari ba, muka tsaya a ƙasa da ita makonni, aka raba mata ayyuka, wanka da safe, tafiya da yamma, ba a haɗa su.

Koci:
To Anti, ta yaya mutum zai bambance wannan da ciwon jikin da kowa ke ji in ya fara motsa jiki? Don shi ma washegari yake zuwa.

Malama Fisiyo:
Tambaya mai kyau. Ciwon sabon motsi a tsokar da ta yi aikin yake zama, cinya ko ƙwauri, mutum yana ɗingishi amma yana cin abincinsa yana hirarsa, in ya ɗan motsa ma sai ya ji ya sake. Wanda Ummu Sadiƙ take faɗa jiki ne gaba ɗaya yake faɗuwa, kamar ciwon ya dawo sabo: gajiyar da barci ba ya gusarwa, kai ya ɗaure, wani har maƙogwaro da zazzaɓi-zazzaɓi. Kuma abin da ya jawo shi bai kai ya kawo ba, wani lokaci doguwar hira da baƙi ma ta isa. Yawancin tsofaffin da suka tashi daga mura mai tsanani ba sa shiga wannan rukunin, suna ƙaruwa da tafiya a hankali. Amma ba a sanin wanda zai shiga sai an lura. Shi ya sa nake cewa a sami ɗan littafi. Kowace rana a rubuta minti nawa ya yi, wahalar nawa cikin goma, sannan washegari da safe a rubuta yadda ya tashi. Ba a ƙara minti sai an ga safiya uku ko huɗu a jere ya tashi daidai.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni maganar lokaci zan yi. Koci ya ce bayan asuba, to a wannan watan mu nan Maraɗi da asuba ko mai lafiya tari yake. Sanyi da busasshiyar iska suna tsuke hanyar numfashi, ga hazo. Na tabbata Kano ma haka ne. Mahaifiyata sai hantsi ya dubi ludayi muke fito da ita, ko bayan la'asar in iska ta kwanta. Ranar da ƙura ta rufe gari a falo take zagayawa. In dole sai an fita, takunkumi ko ta ja mayafi ta rufe hanci.

Nas Gombe:
Haka ne. A ƙara da hayaƙin cikin gida, wanda mun saba da shi har ba ma ganinsa: turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, murhun itace, gawayin da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi, janareta a bakin taga. Duk a nisanta su da ɗakinsa. Gawayi a rufaffen ɗaki ma kisa yake, ba tari kaɗai ba. Sannan abinci. Tsokar da ta zube ba ta dawowa da koko zalla. A haɗa masa da ƙosai, alale, ƙwai, kifi, nono, wake, kaɗan-kaɗan sau da yawa tunda cin nasa ya ragu. Ya sha ruwa ko bai ji ƙishi ba, tsofaffi ba su cika jin ƙishi ba ballantana da sanyi.

Abu Maryam:
Allah ya saka wa malaman lafiya da alheri. Ina so in taɓa ɓangaren ibada, don na san dattawanmu, abin da zai sa Baba ya wuce iyaka ba kasuwa ba ce, masallaci ne. A tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Mara lafiya yana da uzurin jam'i. In yana azumin Litinin da Alhamis, a lallashe shi ya dakata har ƙarfi ya dawo. Zai fi karɓa in limaminsu ko wani abokinsa ne ya gaya masa, ba 'ya'yansa ba.

Malama Fisiyo:
Na gode Malam. Sallar ma tana cikin lissafinmu. Tashi daga sujada zuwa tsayuwa aiki ne babba ga cinyar da ta yi rauni, kuma tashi da sauri yana kawo jiri ga mai shan maganin hawan jini. Ya fara da kujera. Abin da zai mayar da shi ƙasa shi ne atisayen tashi da zama: kujera mai ƙarfi a jingine da bango, ya tashi ya zauna sau biyar, da farko yana dafa hannun kujerar, daga baya ba dafawa. Kwana biyu ko uku a mako. Tafiya tana gyara numfashi, wannan kuma shi ke maganin yunƙuri ukun da kika gani a tabarma, yana kuma rage faɗuwa.

Yayan Maman Hibba:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ce ta sa aka shigo da ni, na karanta komai tun daga sama. Ni ne wanda ya hana. Ina so ku san dalili. Mahaifiyarmu ta rasu a watan Afrilun 2020, lokacin da dattawa suka yi ta rasuwa a Kano. Tari ne da zazzaɓi, ta ji sauƙi kwana biyu, ta tashi tana shara tana cewa ta warke, a rana ta uku numfashi ya ɗauke. Ni na riƙe ta a mota. Tun daga ranar in na ji Baba ya yi tari gabana faɗuwa yake. Da na ga ya dafa bango yana haki, ita na gani. Ban yi tunanin kwanciyar tana cinye shi ba, kuma ban san butar tana yi masa ciwo ba. Ran Litinin ni zan kai shi da kaina, zan nuna wa likita abin da Malama ta rubuta.

Tsohon Hedimasta:
Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa Aljanna ce makomarta. Ɗana, ba ka yi laifi ba. Kai za ka riƙa jerawa da shi, tunda kai ka fi kowa sa ido.

Ɗan Kwari:
Allah ya gafarta mata. Ni ma na ƙaru. Dattijon layinmu da na ba da labari, ashe tsalle ya yi daga gado zuwa shago, ba a bi da shi ta tsakar gida ba.

Maman Hibba:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani, yau kwana 16 da fara wannan magana. Mun je asibiti, likita ya saurari ƙirji, aka yi hoto da gwajin zuciya, aka karɓi kaki, babu tarin fuka alhamdulillah. Ya amince da tafiyar, ya ce mu dawo bayan wata guda. Yaya ya auna tsakar gida da taku, daga bakin rijiya zuwa bishiyar darbejiya taku 22. Mun fara da minti uku sau biyu, yanzu yana minti takwas da hantsi, shida bayan la'asar, yana cewa wahalar uku ce cikin goma. Sau ɗaya muka koma baya, ranar da 'yan dubiya suka cika gidan tun safe har magariba, washegari ya wuni a kwance, sai muka ba shi hutun kwana biyu muka rage minti. Littafin yana hannun Hibba, ita ke rubutawa, shi kuma yana duba ko ta rage masa. Butarsa ta koma hannunsa. Jiya ya tsaya a soro ya leƙa waje, ya ce wa Yaya daga nan zuwa masallaci falwaya huɗu ne.

Malama, tambaya ɗaya. Akwai 'yar matattakala uku a ƙofar soron, ya fara gwada su yanzu ko mu jira?

Malama Fisiyo:
Masha Allah, barka da arziki. In yana iya tashi daga kujera sau biyar ba dafawa, ya gwada, Yayanku yana gefensa ta ɓangaren da ba bango. Taka ɗaya, ya haɗa ƙafa biyu a kai, sannan ta gaba, yana fitar da numfashi lokacin da yake ɗagawa. Ranar da zai fara matattakalar kada ku ƙara minti a tafiyar, ki rubuta mini yadda ya tashi washegari.